Kwamfutar Kawu Da Direban Da Ba Ya Tuƙa Mota

  Yau labarin wata tsohuwar kwamfuta na kawo maku. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da tsohon ƙarfe a zamanin da kowa ke riƙe da waya a tafin hannu. To ku yi haƙuri ku biyo ni sannu a hankali, domin a cikin tsohon ƙarfen nan ne haƙƙin marayu da na wasu bayin Allah ya maƙale, kuma abin da ya fito da shi wani ɗan ilimi ne da na koya da kyar a shekarar 2006, wanda na ɗauka ba zai sake yi mini rana ba.

Yadda ta shigo gidan

Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa, dillalin albasa ne a kasuwar Sasa, amma gidansa yana nan Sabo a Ibadan, unguwar da aka yanka wa kakanninmu tun 1916. Sana'ar tasa kun san ta. Baƙo zai taso da mota cike daga Aliero ko Sakkwato ya sauka a hannunsa. Kawu ne zai nemo masu saye, shi zai tsaya tsakanin mai kaya da ba ya jin Yarabanci da 'yan sari da ba sa jin Hausa, in kuma an ɗauki kaya bashi, wuyansa ne a ciki. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka babu abin da Kawu ke tattali kamar littattafan lissafinsa, manya masu baƙin bango, waɗanda yake rubutawa da ajami yana haɗawa da lambobin boko.

A 2006 wani ya kasa biyansa, ya bar masa laftof jingina, bai kuma dawo ba. Lokacin ina aiki a wani shagon intanet wajen Mokola, don haka ni aka kira. Kawu ya turo mini ita a kan tabarma ya ce, "Ɗana, ga wannan abu. In yana da amfani ka nuna mini, in babu mu sayar." Tokumbo ce, kamar yadda masu gari ke cewa, mai Pentium III, da Windows XP irin na farkon fitowa na 2001, da kafar USB guda ɗaya tak, da ma'ajin faifan CD mai karantawa kawai, ba ya rubutawa. Na zana masa jadawali a Excel: suna, gari, buhu nawa, an biya nawa, saura nawa. Autan uwargidansa, wanda ke karanta ajamin mahaifinsa kamar ruwa, shi aka ɗora wa aikin. Duk Juma'a Kawu zai dawo da littafi gida, bayan an sauko daga masallaci yaron ya zauna ya shigar da lissafin mako.

Ni kuma ina da nawa kwaɗayin. Ina son in riƙa shiga intanet da ita in na je shago, ba tare da na jira wani ya tashi daga kujera ba.

Duk wanda ya riƙe laftof ta wancan zamani zai tuna wata doguwar kafa a gefenta, mai ɗan maɓalli da ake dannawa ya tofo abin da ke ciki. Ita ake kira PCMCIA, sunan ƙungiyar kamfanonin da suka haɗu a 1989 suka tsara ta. Katin da ke shiga cikinta girmansa ɗaya da katin cirar kuɗi na banki, faɗi milimita 54, tsawo kusan 86, sai dai ya fi shi kauri. A bakinsa akwai ƙananan ramuka 68 da ke haɗuwa da allurai 68 a can ƙuryar kwamfutar. Ta nan ake ƙara wa laftof abin da ba a ƙera ta da shi ba, ko modem, ko wayales, ko ƙarin kafofin USB. Kamfanonin wayar CDMA ma irin wannan kati suka riƙa sayar wa masu son intanet a shekarun nan. Tamu kafa biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na tara kuɗi na sayi katin wayales na hannu, da kwalinsa da faifansa.

Dare uku

Na zura kati, kwamfuta ta yi ƙara alamar ta ji shigowar baƙo, ta ce in ba ta direba. Na sa faifai, ta laluba ta ce ba ta ga komai ba. Na sake, haka. Na buɗe Device Manager, wato wurin da Windows ke jera duk sassan da ke jikin kwamfuta, sai ga katina da alamar rawaya a wuyansa, da lamba 28. Ma'anar wannan lamba ita ce an ga abu amma ba a sa masa direba ba.

Kawu ya leƙo zaure ya ce, "Yaya, ta yi?" Na ce, "Kawu, direba ne babu." Ya tsaya yana kallona ya ce, "Direba kuma? Mota ce?" Na yi dariya na ce, "Kawu, aikinka yake yi. Katin nan baƙo ne, da yarensa ya zo. Windows kuma mai gari ne. Direba wata 'yar manhaja ce da ke jin yaren duka biyun, ita ke isar da maganar wannan ga wancan." Ya gyara hula ya ce, "To ashe dillali ne. Sai ka nemo wanda ya san garinsu baƙon." Ya wuce abinsa. Wallahi da na tsaya na auna maganar nan da ban yi asarar dare uku ba.

Abin da na yi maimakon haka shi ne ƙarfa-ƙarfa. Windows na da hanyar da mutum zai zaɓi direba da hannunsa ya ce shi nake so ko da bai dace ba. Ta gargaɗe ni, na danna na wuce. Alamar rawaya ta ɓace na ɗan lokaci, har na fara murna, sai ta dawo da lamba 10, wato direba ya hau amma abin ya ƙi tashi. Dare biyu ina kwana a shago lokacin burawuzin dare, da yake layi ya fi sauri in mutane sun ragu, ina sauko da duk direban da ke ɗauke da sunan da aka buga a kwalin, ina kwafewa a filashi ina gwadawa. Babu wanda ya yi. Na fara zargin an sayar mini da mataccen kati.

A dare na uku wani Bayarabe mai gyara da ke zuwa duba mana kwamfutocin shago ya same ni na haɗa tagumi. Oga muke ce masa. Ya saurare ni, ya ɗauki kwalin ya jefa ƙarƙashin tebur, ya ce in daina tambayar kwali, in tambayi katin da kansa. Ya sa na rubuta msinfo32 a wurin ba da umarni, muka shiga sashen na'urori masu matsala, sai ga wani dogon layi da ya fara da PCI\VEN_1814&DEV_0201. Ya ce wannan shi ne sunan yanka. Lambobi huɗun farko na kamfanin da ya ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin katin ne, huɗun baya kuma na samfurinta. Lamba 1814 ta Ralink ce, kamfanin da MediaTek ta saye a 2011, ita kuma 0201 samfurin RT2500 ce.

Daga nan ya buɗe faifan da aka ba ni, ya nemo wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .inf, ya buɗe shi da Notepad. Ashe rubutu ne kawai da kowa zai iya karantawa, kuma a cikinsa aka jera lambobin duk katunan da wannan direba ya sani. Windows ba ta ganin kwali, ba ta ganin tambarin da aka manna. Lambar da kati ya faɗa take ɗauka ta bi fayilolin nan tana neman mai irinta. Muka nemi 1814 daga sama har ƙasa, babu. Oga ya ce masu haɗa katunan sukan canza ƙwaƙwalwar ciki su bar sunan waje yadda yake, sai dai su ƙara 'yar alama a bayan kati cewa fitowa ta biyu ce ko ta uku. Faifaina na wata fitowar ne, katina na wata. Kama da wane ba ta wane.

Muka sauko da direban Ralink ɗin kai tsaye. Amma kafin a sa shi sai da muka share ɓarnar da na yi, domin duk direban da na tilasta Windows ta ajiye kwafinsa a C:\Windows\inf da suna irin oem3.inf, kuma tana iya komawa kansa. Muka cire kati, muka goge tsofaffin, muka sa sabon direba tukuna, sannan muka mayar da kati. Ɗan koren fitilarsa ya kama. Kafin a kira assalatu na shiga intanet. A ranar na rubuta wasu lambobi a bayan littafina, har yau ina tuna su: 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom, 8086 Intel, 1106 VIA, 1033 NEC.

Shekara goma sha shida bayan haka

Duniya ta yi gaba, ni ma na bar aikin shago na koma wata sana'ar. Kawu kuwa ya ƙi rabuwa da kwamfutarsa. Batirinta ya mutu, sai da wuta take aiki. A wajen 2017 wani jikansa ya fizge filashi ya karya kafar USB ɗin nan guda ɗaya. Aka faɗa mini, na ce zan zo in duba. Yau ne gobe ne, ban zo ba. Kwafin ƙarshe da na ɗauka na lissafin Kawu na 2016 ne. Wannan laifina ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

A rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, rumfar Kawu na cikin waɗanda suka ƙone, da littattafan shekara da shekaru a ciki. Shi Allah Ya tsare shi, amma bai sake komawa daidai ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu a daminar 2022.

Bayan sadakar bakwai Malam ya zauna maganar gado, ya ce kamar yadda kuka sani, ba a raba komai sai an sauke bashi. Masu ƙananan basussuka suka zo, duk an san da su, aka biya. Sai ga wani dattijo daga Aliero, abokin cinikin Kawu na fiye da shekara ashirin, ya ce yana bin ragowar kuɗin mota uku na albasa tsakanin 2019 da farkon 2021. Ba shi da takarda, don tsakaninsa da Kawu ba a taɓa yin takarda ba. Kuɗin da ya ambata mai nauyi ne. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya duk da taubasantakar da ke tsakaninmu, ya ce mahaifinsa bai taɓa yi masa wannan magana ba. Amaryar Kawu kuma tana da ƙananan yara uku, wanta da ke wakiltarta yana ganin rabon marayu ne za a cinye. Zaure ya yi tsit irin wanda ba na alheri ba. Sai autan uwargida ya ce, "Ai yana cikin kwamfuta. Har Juma'ar farko ta Fabrairu na shigar."

Mai karatu da ya san harkar zai ce ai abu mai sauƙi ne, a kwance ta a ciro faifan ciki, wato had-dis, a haɗa shi da wata kwamfuta. Haka na ce. Wan amarya ya ce bai yarda a farke ta ba, bai kuma yarda ta bar zauren ba, tun da mai shigar da lissafin ɗan ɗaya ɗakin ne. Ban ga laifinsa ba. Malam ya yanke cewa duk abin da za a yi a yi shi a gaban kowa, kuma ni zan yi, da yake ɗan 'yar uwa ne ni, ba ni da ko sisi a gadon.

Muka aro ƙaramin janareta don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Ta tashi da kyar, kwanan watanta ya koma baya saboda ɗan batirin agogonta ya mutu, faifan ciki na wani ƙas-ƙas da bai yi mini daɗi ba. Na buɗe fayil na ƙarshe na ɗauki hoton shafukan da waya, don ko da wani abu ya faru. Minti ashirin ba su cika ba ta yi zafi ta mutu da kanta. Lissafin dattijon kuwa a warwatse yake cikin fayilolin shekara uku, layi dubbai, ga Malam yana son a buga komai a takarda kowane ɓangare ya riƙe nasa. Dole a fitar da fayilolin, kuma ƙofar da ta rage ita ce doguwar kafar nan ta gefe.

Katin da bai dace ba, da wanda ya dace

Washegari wani ɗan Yaya, mai zafin nama, ya je ya sayo kati mai kafofin USB ba tare da ya tambaye ni ba. Kafin in iso har ya gwada tura shi ya ƙi shiga. Ina gani na gane ExpressCard ne, wanda aka fito da shi a 2003 ya gaji PCMCIA. Akwai mai faɗin milimita 34, akwai mai 54, kuma mai 54 ɗin nan yana ruɗin mutane don bakin kafar yana karɓarsa, alhali mahaɗinsa daban ne gaba ɗaya, haƙora 26 gare shi. Ko a cikin katunan PCMCIA ɗin ma iri biyu ne. Akwai na farko mai bit 16, akwai CardBus mai bit 32 da ya zo a 1995, wanda ake gane shi da wani zirin ƙarfe ruwan zinare a saman bakinsa. Katin USB 2.0 sai CardBus. Kwamfutar da ta girmi wannan tsari ba ta ɗaukarsa, amma ta Kawu tana ɗauka, tun da katin wayales ɗina na 2006 ma irinsa ne.

Na kira wani abokina a Kwamfuta Bilej ta Ikeja. Kwana biyu yana bin shaguna kafin ya samo guda a ƙasan wata durowa, da ɗan ƙaramin faifansa. Ya ba direban motar Legas zuwa Ibadan, na je tasha na karɓa. Yaya ya ce, "To, ga direba ya kawo direba." Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidan tun rasuwa.

Bayan la'asar aka taru. Malam, da Yaya, da wan amarya, da dattijon Aliero a gefe yana jan carbi, mata kuma suna saurare ta bayan labule. Na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, aka juyo mata fanka. Na zura kati a kafar sama. Shiru. Ba ƙara, ba saƙo, ba sabon abu a Device Manager. Gabana ya faɗi. Sai na tuna cewa in kwamfuta ba ta ma ji shigowar kati ba, maganar direba ba ta taso ba tukuna, matsalar tana jikin ƙarfe ko tana ga mai kula da kafar. Na duba jerin, mai kula da kafar lafiyarsa lau, ba alamar rawaya. Na zare katin na haska ciki da fitilar waya, sai ga allura biyu a lanƙwashe, aikin turin da yaron ya yi. Ban ce komai ba don kada a huce a kansa. Na mayar da katin a kafar ƙasa a hankali, sai ƙarar nan da na shekara goma sha shida ban ji ba ta fito.

Windows ta ce ta ga sabon abu, ta sa masa direba da kanta. Ta ga na biyu, ta sa masa. Ta ga na uku, ta tsaya ta ce in kawo faifai. Yaran da ke leƙe suka ce in sa faifan in danna komai da komai. Na ce a'a, na taɓa yin wannan gangancin. Na rufe tambayar na buɗe msinfo32. Abin da ke da matsala shi ne VEN_1033&DEV_00E0, da lamba 28. NEC ke nan. Na koma Device Manager na ga biyun da suka hau lafiya su ma na NEC ne.

A nan ne abin da na sani ya yi mini amfani. Katin USB 2.0 irin wannan ma'aikata uku ne a cikinsa. Biyu suna aiki da tsohon tsarin USB 1.1 mai gudun megabit 12 a daƙiƙa, na ukun shi ne mai sabon tsari mai gudun 480. Windows XP na farko bai san na ukun ba, sai da Service Pack 1 ya fito a 2002 ya zo da direbansa, kuma kwamfutar Kawu ba a taɓa sa mata shi ba. Na leƙa ɗan faifan, direbobin Windows 98 da ME ne a ciki, na XP kuwa 'yar takarda ce da ke cewa a nema wajen Microsoft. Sa Service Pack aiki ne mai tsawo da ke rubuce-rubuce da yawa a kan faifan ciki, ga faifan yana ƙas-ƙas, ga kwamfutar ba ta wuce minti ashirin. In ta mutu a tsakiya, Windows ɗin na iya ƙin tashi har abada. Amma an tsara katunan nan ta yadda in mai gudun bai samu direba ba, kafofin sukan koma hannun masu tafiyar hawainiyan. Wato dai katin zai yi aiki da alamar rawayarsa, a hankali.

Wan amarya ya nuna allon ya ce, "Wannan rawayan fa? Ba matsala ba ce?" Na ce, "Matsala ce, Alhaji, amma ba ta tare mana hanya ba. Gudu kawai za mu rasa, mu kuma ba tsere muka zo ba."

Na sa filashina mai gigabait 64. Fitilarsa ta kama, Windows ta gan shi, sai ta ce ba a tsara shi ba, ko in tsara shi yanzu. Na ce a'a. Manyan filashi na yanzu da tsarin exFAT suke zuwa, XP na farko kuwa FAT32 da NTFS da tsohon FAT ya sani. Minti goma sha ɗaya sun tafi. Na ce ko akwai mai tsohon ƙaramin filashi a gidan nan. Sai muryar Hajiya uwargida daga bayan labule ta ce a ɗauko rediyonta. A jikinsa akwai filashi mai gigabait 2 da take jin karatu da shi tun shekaru. Na sa shi, ya buɗe nan take, da sauran fili a ciki. Duk lissafin Kawu na shekara goma sha biyar bai kai megabait 60 ba. Na ja jakar na sauke, muka zuba wa koren layin nan ido yana rarrafe, ba mai tari. Kamar minti biyu ya ɗauka. Na zare filashin ta hanyar da ta dace na miƙa wa Malam a hannunsa. Ba a jima ba kwamfutar ta mutu don zafi.

Abin da aka samu a ciki

Washegari da wakilin kowane ɓangare muka je wajen masu buga takardu. Sai da aka bincike filashin saboda ƙwayoyin cutar tsofaffin kwamfutoci, sannan aka buga kwafi uku. Motocin dattijon guda uku duk suna nan da ranakunsu. Biyu an biya su cif. Ta ukun buhu 120 ce, an biya na 70, saura na 50. Dattijon ya sa aka karanta masa ranakun sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce haka ne, akwai kuɗin da ɗansa ya karɓa a madadinsa lokacin yana jinya, ya sha'afa. Yaya kuma ya sunkuyar da kai ya nemi gafararsa, don ya yi zaton babu bashin sam. Aka biya shi na buhu 50.

Akwai kuma wani shafi da ni kaina ban san da shi ba, wanda autan ya buɗe da umarnin mahaifinsa ya sa masa suna Ajiya. Sunaye huɗu ne a ciki. Uku sun riga sun zo. Ta huɗun wata tsohuwa ce Bayarabiya mai sayar da kayan miya, da ta riƙa ba Kawu kuɗi kaɗan-kaɗan yana ajiye mata. Mako biyu ana cigiya kafin a same ta wajen Ojoo. Da Yaya ya ce mata, "Iya, kuɗinki na nan," sai ta ce ita ta ɗauka sun ƙone tare da rumfa, shi ya sa ta ji kunyar zuwa gidan makoki da maganar kuɗi. Bayan an sallame ta ne Malam ya raba gado.

Ga wanda irin wannan ta same shi

Na san a gidajenmu da shagunanmu akwai irin waɗannan kwamfutoci a ƙarƙashin gado, wasu da lissafi, wasu da hotuna da takardun filaye. In za ka taɓa su, fara tabbatar da irin kafar da irin katin, kada ka tura abin da ya ƙi shiga. In ka sa kati ba ka ji komai ba, haska cikin kafar, gwada ta biyun, ka duba mai kula da ita a Device Manager, wasu tsofaffin ma a cikin BIOS ake zaɓar irin katin da kafar za ta karɓa. In ta ji shi, karanta lambar matsalar: 28 babu direba, 10 direba ya hau amma abu bai tashi ba, sau da yawa don ba nasa ba ne, 12 kuma wurin zama ya yi kaɗan, sai ka kashe wani sashe da ba ka amfani da shi ka ba baƙon fili. Nemi direba da lambar VEN da DEV, ka buɗe fayil ɗin .inf ka ga lambar da idonka kafin ka sa. Katin USB ba ya ba da wuta mai yawa, don haka wasu ke da 'yar kafar caja a gefe, in za ka haɗa abu mai cin wuta sai ka nemo ta. Kada ka shiga intanet da XP, tun Afrilun 2014 aka daina yi masa gyaran tsaro. In kuma ba wanda ya hana ka kwance kwamfutar, ciro faifan ciki ka haɗa shi da mahaɗin IDE mai allura 44 ya fi duk wannan sauƙi.

Abin da ya fi duka dai, a kwafe tun mai abu yana raye, a buga a takarda, a ajiye a wuri biyu. Da na je a 2017 lokacin da aka kira ni, da ba a yi zaman zauren nan ba.

Kwamfutar tana wajen Hajiya har yanzu, a naɗe cikin tsohon rawanin Kawu, katin na maƙale a gefenta. Filashin rediyonta kuma mun mayar mata, ta ce kada a goge komai a ciki. Oga ban san inda yake ba yau, amma duk inda yake Allah Ya saka masa da alheri. Allah Ya jiƙan Kawu da iyayenmu baki ɗaya, Ya raya abin da suka bari, Ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Sai wani jiƙon, in Allah Ya kai mu. Wassalam.